Sunan da Suka Sa wa Jamilatu

Jamilatu ɗiyar Malam Manu ce, manomi a Dudunni. A duk gidansu ita ce ta fara wuce aji uku na sakandare. Da sakamako ya fito aka ga ta yi ƙoƙari, sai ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Sa'a, wadda ke zaune a Kankiya tana sana'ar awara, ta ce a ba ta yarinyar ta ƙarasa karatu a wurinta. Malam Manu bai yi musu ba. Ya sa aka ɗinka mata yunifom da farin hijabi, ya ɗaure akwatinta a bayan babur, ya kai ta da kansa.

Makarantar ta 'yan mata ce, ta jeka-ka-dawo, ajinsu kuwa cike yake maƙil. Jamilatu ta fi kowa tsawo a ajin. Ba ta da yawan magana, in kuwa ta buɗe baki harshen ƙauye ne ke fita, har wasu su waiwayo suna murmushi. Shi ya sa ta zaɓi bencin baya, kusa da taga.

A gaban aji akwai Ilham, 'yar wani babban ma'aikaci, da ƙawarta Yasmin, wadda ita ce monita. An hana zuwa makaranta da waya, amma ta Ilham kullum tana cikin hijabi. Da an tashi tara sai 'yan mata su yi mata zobe, kawuna a haɗe, suna kallon wani fim mai dogon zango na ƙasar Tailan da aka fassara da Hausa. Labarin 'yan sakandare ne. Daga inda Jamilatu take zaune ba ta ganin komai, sai dai ta ji kiɗa da muryoyi, ta kuma ji su suna zancen makarantar da ke cikin fim ɗin: bene hawa-hawa, kowace ɗaliba da akwatinta na ƙarfe a jikin bango, samari masu gashi yana sauka a goshi. Har sun koyi haɗa tafukan hannu su ɗan rusuna in za su gaisa, suna dariya.

Wata rana Yasmin ta ɗago kai daga wayar, idonta ya sauka a kan Jamilatu tana cin soyayyen rogo a ɓoye. Ta taɓa Ilham.

"Don Allah dubi can. Wallahi Nomfai ce."

Duk suka juyo. Sai dariya ta ɓarke. Ilham ta miƙe ta tako har bencin baya, ta zauna kusa da ita.

"Ke me ya sa kike zama ke kaɗai? Taso cikinmu mana. Daga yau sunanki Nomfai."

"Wace ce haka nan?" in ji Jamilatu.

"Wata yarinya ce a fim ɗinmu. Ai ita ce fim ɗin gabaɗaya, in babu ita babu labari."

A ranar da saurinta Jamilatu ta koma gida. Tana taya Gwaggo Sa'a tace waken suya take ba ta labari, cewa ta yi ƙawaye, har sun sa mata suna. Gwaggo ta gwada faɗin sunan ya ƙi faɗuwa, suka yi ta dariya. Ta ce, "To madalla. Dama ni zamanki shiru ɗin nan ne ke damuna."

Suna ya bi Jamilatu. Har 'yan wasu azuzuwan ke kiranta da shi a hanya. Ita take zuwa sayo wa su Ilham abin tara a bakin ƙofar makaranta, ita take yi musu aikin lissafi, don nan ta fi ƙarfi, kuma ba ta ɗauki hakan komai ba. A ganinta haka ƙawance yake.

Sai dai wasu abubuwa sun fara faruwa da ta kasa gane kansu. Wata safiya Yasmin ta yi tuntuɓe a gabanta, robar zoɓo ta juye a farin hijabinta tun daga ƙirji har ƙasa. Yasmin ta yi ta ba ta haƙuri da wata irin murya mai ja, sauran kuwa suka toshe baki. Haka ta yini da jan hijabi, malamar da ke duti ta yi mata faɗa a kan ƙazanta.

Bayan nan Ilham ta gayyace ta walima a gidansu, ta ce ranar Asabar da la'asar. Jamilatu ta sa atamfarta ta Sallah, Gwaggo ta ara mata mayafi ta fesa mata turare, ta kuma ƙulla mata awara mai zafi a leda ta kai wa masu gida. Ta iske ƙofar gidan a rufe. Ta yi ta ƙwanƙwasawa, sai wata mai aiki ta leƙo ta ce babu wata walima, Ilham kuma ba ta nan. Jamilatu ta tsaya a gindin bishiyar darbejiya ko za a zo, har rana ta yi ja. Tana juyawa za ta tafi ta ji kamar an yi dariya a bayan labulen wata taga. Ranar Litinin Ilham ta rungume ta ta ce, "Haba Nomfai, ai Lahadi na ce miki!"

Sai kuma ranar da babu wadda ta yi mata magana a ajin. Ta yi sallama, shiru. Ta tambayi ta kusa da ita biro, yarinyar ta kalli taga kamar iska ce ta wuce. Da aka zo rabon takardun gwaji Yasmin ta kira sunan kowa, tata kuwa ta bar ta a kan tebur. Kashegari kowa ya dawo yana gaishe ta da fara'a. Jamilatu ta yi ta bincikar kanta ko ta yi wa wata laifi. Daga ƙarshe ta ce wa ranta wataƙila wasan 'yan birni ne haka.

Akwai wata yarinya, Ruƙayyatu, da ke bin su Ilham amma ba ta cika dariya ba. Wata rana an tashi, suka haɗu da Jamilatu a bakin famfo su biyu. Ruƙayyatu ta duba hagu da dama, ta ce, "Ke kin taɓa kallon fim ɗin nan kuwa?"

"A'a. Ba ni da waya."

"Ki nema ki kalla."

"Mi ya faru?"

"Ni dai ki kalla. Kada ki ce ni na faɗa miki." Ta ɗauki jakarta ta wuce.

Ranar Asabar da safe Jamilatu ta roƙi Gwaggo aron wayarta, ta tafi bakin tasha wurin Ashiru mai tura finafinai. Ta ce tana son na 'yan makarantar Tailan, mai Nomfai a ciki.

"Ai 'yan makarantarku sun ƙarar mini da shi," in ji Ashiru, yana haɗa wayar da kwamfuta. "Allah sarki Nomfai. Ki tanadi abin share hawaye, ƙanwata."

Gwaggo ta tafi gidan suna, gida ya rage ita kaɗai. Ta zauna a kan tabarma a inuwar ɗaki ta kunna.

Makarantar ta fi yadda suke faɗa kyau. Ko'ina fes, furanni, ɗalibai cikin fararen riguna. Ana cikin haka sai ga wata yarinya ta shigo aji, doguwa, kafaɗa a ranƙwashe, takalminta ya tsufa. 'Yar masunta ce daga wani ƙauye, an ba ta gurbin karatu saboda ƙoƙarinta. Tana wucewa 'yan aji suka toshe hanci. Mai fassarar ma da muryar ƙauyanci yake yi mata magana, don a yi dariya. Wata kyakkyawa 'yar masu kuɗi ta taso ta dafa ta, ta ce, "Me ya sa kike zama ke kaɗai?"

Jamilatu ta gane maganar, ita ce wadda Ilham ta faɗa mata.

Ta ci gaba da kallo. Aka watsa wa Nomfai jan lemo a farar riga. Aka gayyace ta biki, ta ci ado ta tsaya a ƙofar gida da kyauta a hannu, 'yan matan suna leƙenta ta tagar bene suna ɗaukarta hoto. Aka yi ranar da duk aji suka mai da ita kamar ba ta nan. Komai a jere yake, yadda aka yi mata. Ko uzurin da Ilham ta kawo ranar Litinin, daga nan ta ɗauko shi.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta sha ruwa a randa, ta dawo ta zauna, don yanzu abin da take son sani shi ne abin da ya rage. Ta riƙa tsallakewa tana neman wuraren da Nomfai ta fito. Gaba kaɗan aka sa mata wayar wata a jaka, aka kira ta ɓarauniya a gaban taron ɗalibai. Sannan aka kulle ta a ɗakin ajiyar kayan wasanni. A kashin ƙarshe Nomfai ta hau can saman benen makarantar, ta cire takalmanta ta jera su. Daga nan ba a sake nuna ta ba. Aka nuna 'yar masu kuɗin tana kuka cikin ruwan sama, kiɗa mai taushi yana tashi, wani saurayi ya zo ya riƙe mata lema. Jamilatu ta tuna ta taɓa jin Yasmin tana cewa ba ta taɓa ganin wadda kuka ya yi wa kyau irin wannan yarinyar ba.

Da Gwaggo ta dawo ta iske ta tana wanke-wanke. Ta tambaye ta ko fim ɗin ya yi daɗi. Jamilatu ta ce eh, ya yi.

Ranar Litinin ba ta shiga aji ba sai da ta nemi uwar ajinsu, Malama Fadimatu, a ɗakin malamai. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta fara bayani. Maganar ta riƙa harɗe mata. Ta faɗi zoɓo, ta faɗi walima, ta ce duk daga fim suke ɗaukowa, kuma saura a ce ta yi sata, sannan a kulle ta a sito.

Malama Fadimatu mace ce mai tsanani, amma ba muguwa ba ce. Ta ajiye jan bironta ta ce, "Tsaya. A ina suke kallon fim ɗin?"

"A aji, Malama. In an tashi tara."

"Da wace wayar?"

Jamilatu ba wannan ta zo faɗa ba.

"Ke kuma a ina kika kalla? Ubanki ya kawo ki daga ƙauye ki yi karatu, kin zauna kallon 'ya'yan wasu ƙasashe har kina ganin kanki a ciki? Tashi mu je."

A gaban Jamilatu Malama ta shiga ajin, ta sa aka rufe ƙofa, ta caje kowa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta Ilham kaɗai aka samu ba. Wayoyi da dama suka fito daga hijabai da safa da ƙasan jakunkuna, har da ta wata marainiya da ke karɓar cinikin ɗinkin mahaifiyarta da ita. Aka kwashe su duka zuwa ofis, aka yi wa masu su bulala a gaban aji, aka ce sai iyayensu sun zo. Jamilatu tana tsaye a bakin allo duk tsawon lokacin, don Malama ba ta ce ta zauna ba.

Daga ranar babu wadda ta sake kiranta Nomfai. Babu kuma dariya. Shirun da aka yi mata a da na yini ɗaya ne, wannan kuwa ba shi da ranar ƙarewa, kuma har waɗanda ba ruwansu da su Ilham sun shiga ciki. In ta zauna a benci sai a matsa. Ruƙayyatu ma in sun haɗa ido sai ta sunkuyar da kai. Jamilatu ta koma ɗaukar jakarta duk inda za ta, har bayi, tana zazzage ta kafin a tashi ko an sa mata wani abu. Ba a sa komai ba. Makonni suka wuce, zafi ya shigo, ta fara tunanin ko abin ya tsaya nan.

Ranar wata Juma'a aka yi sharar makaranta. Da aka gama, Yasmin ta tara tsintsiyoyi da fartanyu a gaban Jamilatu, ta yi mata magana karo na farko tun ranar wayoyi.

"Ki kai sito."

Siton wani tsohon ɗaki ne a can bayan azuzuwa, kusa da katanga, rufin kwano, babu taga, cike da karyayyun bencina. Jamilatu ta ce ba za ta ba. Malamin da ke duti yana sauri zai tafi masallaci, ya ji ana jayayya ya daka mata tsawa: "Monita ta sa ki aiki kina musu? Kwashe ki kai!"

Ta kwasa. Da ta isa ta waiwaya, ba ta ga kowa ba. Ta buɗe ƙofar ƙarfen har ƙarshe, ta tokare ta da dutse, ta shiga da niyyar ta watsar ta fito. Tana sunkuyawa ta ji an shure dutsen. Ƙofar ta bugu, duhu ya rufe ta, ta ji ana zura wani abu a wurin sa kwaɗo daga waje. Sai takun gudu. Ko dariya ba a yi ba.

Ta buga ƙofar da hannu, ta buga da fartanya. Ta yi kira har muryarta ta dushe. Ta ji hayaniyar ɗalibai tana nisa tana nisa, sannan ta ji huɗuba daga lasifikar masallaci can cikin gari. Kwanon rufin ya ɗauki rana. Iskar ɗakin ta yi nauyi, warin kashin jemage da tsohon katako ya cika mata ƙirji. Ta cire hijabi, ta kwanta a ƙasa ta kafa hancinta a 'yar kafar da ke ƙarƙashin ƙofa. Zufa ta yi ta zuba, daga baya ta daina zuba. Abin da ta iya tunawa na ƙarshe shi ne gobe Asabar, babu makaranta.

Da la'asar ta yi Jamilatu ba ta dawo ba, Gwaggo Sa'a ta bar kaskon awara a hannun maƙwabciya ta fita nema. Ta je gidajen 'yan ajinsu da ta sani, kowa ta ce tun da aka tashi ba ta gan ta ba. Ta isa makarantar ta iske tsohon mai gadi, ya ce kowa ya watse. Ta ƙi tafiya. Suka bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, suka leƙa bayi, har suka kai bayan katanga rana tana shirin faɗuwa. Gwaggo ce ta hango bakin farin hijabi ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofar.

A kan babur aka kai Jamilatu asibiti a sume, Gwaggo tana riƙe da ita ta baya. Aka yi mata ƙarin ruwa. Ta farfaɗo, amma da ma'aikaciyar jinya ta tura ƙofar ɗakin za ta rufe, Jamilatu ta fasa wata ƙara da ta sa mutane suka sheƙo daga baranda.

Malam Manu ya zo daga Dudunni. Da ta ɗan ji sauƙi aka zauna a ofishin shugabar makaranta. Aka kira Ilham da Yasmin da Ruƙayyatu. Yasmin ta ce ita dai ta ba ta kaya ta kai, ta tafi gida. Ilham ta yi magana a natse, idonta da ƙwalla.

"Ma, mu wasa muke yi da ita, mun sa mata sunan wata a fim. Ita ce ta ɗauki abin da zafi. Tun da ta kalla take cewa duk abin da ya sami yarinyar sai ya same ta. A fim ɗin ma an kulle ta a sito. A tambayi Malama."

Shugabar ta dubi Malama Fadimatu. Malama ta ce gaskiya ne, tun makonni da suka wuce yarinyar ta zo mata da zancen sito, kuma ita a lokacin ma ta ga kamar kallon ya taɓa ta. Aka tambayi mai gadi ko ƙofar a kulle take ta waje. Ya ce shi a ruɗe yake, ya dai fizge ta ta buɗe, ba zai rantse ba, kuma dama ƙofar takan cije. Aka tambayi Ruƙayyatu ko ta san wani abu. Ta ce ba ta sani ba.

"Ke Jamilatu, kin ga wadda ta rufe ki?"

"Ban gani ba, Ma. Ji na yi."

Shugabar ta numfasa. Ta ce ba za ta hukunta 'ya'yan mutane a kan zato ba. Ta ba Malam Manu shawara a nema wa yarinyar addu'a, a kuma raba ta da waya, don finafinan nan suna lalata tunanin yara.

Malam Manu ya ɗauki hularsa da ke kan gwiwarsa. Sannan ya ce, "Hajiya, ni ban san mi ke cikin fim ba, ban taɓa gani ba. Na dai san lahiya lau na kawo maku ɗiyata." Ya miƙe ya ce wa Jamilatu, "Tashi mu tahi."

Kafin mako ya zagayo zance ya bazu a unguwar su Gwaggo cewa aljanun sito sun shafi yarinyar. Gwaggo ta yi faɗa da mata biyu a kan haka, ta kuma goge fim ɗin daga wayarta tana kuka tana cewa ita ta jawo, da ba ta ba da aron ba. Jamilatu ta ce mata ba haka ba ne, amma ba ta da ƙarfin yin dogon bayani.

A Dudunni ta koma taya mahaifiyarta aikin gida. Tana ci, tana sallah, tana amsa gaisuwa. Ɗaki ne dai ba ta iya zama a ciki. Ko da rana, in iska ta turo ƙyaure sai a gan ta a tsakar gida tana haki. A waje take shimfiɗa tabarmarta. Mahaifiyarta ta karɓo rubutu ta ba ta, ta sha, ba abin da ya sauya.

Da hadarin farko ya haɗo, Malam Manu ya dawo daga gona da wuri. Ya ɗauko guduma ya cire ƙyauren ɗakin da Jamilatu ta saba kwana da ƙannenta, ya ɗauke shi a ka ya kai bayan rumbu ya jingine. Mahaifiyarta ta ce feshin ruwa zai shiga. Ya ce ya shiga.

Yana kakkaɓe hannu ya ce, "Na yi magana da wani malamin makaranta a Kusada. Ya ce in an dawo daga hutu za su ɗauke ki. Kusa ne, ni zan riƙa kai ki ina ɗauko ki."

Jamilatu tana tsaye a bakin ɗakin, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ta ce, "Baba, a bari tukuna."

Ya ce, "To."

Aka dawo daga hutu, ya sake tambaya, ta ba shi amsa iri ɗaya. Bai ƙara tayar da maganar ba. Da kaka ta yi, tare da mahaifiyarta suka yi roron wake.